Ciwon baya mai sauka ƙafa da ciwon wuya mai sauka hannu: yaya ake gane tushensa?

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu na wannan zaure. Marasa lafiya da yawa ƙorafinsu iri ɗaya ne, wannan baya ke masa ciwo, wancan wuya ya riƙe, wata kuma ƙafa ke mata zugi. Amma sai a ba wani magani ya koma gida, a tura wani hoto, wani kuma a ce tiyata za a yi masa a ranar. Me ake dubawa da ke raba su? Ina kuma son in san yadda ake gane ciwon ƙafa daga baya ya taso ko a ƙafar yake, haka nan hannu da wuya. Sannan yaushe hoto ke zama dole? Allah ya saka da alheri.

Likitan Ƙashi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da za ki riƙe: inda mutum ya ɗora hannu ya ce nan ke ciwo ba lallai nan ne tushen cutar ba. Abin da ke nuna hanya shi ne iya inda ciwon ya tsaya, abin da ke tsananta shi, abin da ke kwantar da shi, da abin da mutum ya rasa, ƙarfi ne, ji ne, ko riƙe fitsari.

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sai na kwankwaso da suka haɗe wuri ɗaya. Tsakanin gaɓoɓin akwai faifai na guringuntsi, bayansa mai tauri, cikinsa mai taushi. Laka na bi ta ramin da ke tsakiyar ƙashin, jijiyoyin saƙo kuma na fita hagu da dama, tagwaye 31. A jikin babba lakar na ƙarewa wajen gaɓar ƙugu ta 1 ko ta 2, daga nan ƙasa sai tarin jijiyoyin da ake kira jelar doki. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya nuna takamaiman abin da ya jawo shi. Tsoka ce, ko jijiyar da ke ɗaure gaɓa, ko ƙananan mahaɗan ƙashin. Alamarsa: ciwo a ƙugu, wani lokaci ya bazu zuwa ɗuwawu ko bayan cinya, amma ba ya wuce gwiwa. Motsi na tayar da shi, sauya kwanciya na sassauta shi, babu sagewa, babu rauni, mutum lafiyarsa lau ta sauran fannoni. Yawancin irin wannan na lafawa cikin mako 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kin ga ba zai yiwu a ce kowa sai an yi masa hoto ba, kuma ba a ma buƙata.

Idan faifai ya tsage, cikinsa ya bullo ya danne jijiya, labari ya sauya. Ciwon ƙafa ya fi na bayan tsanani, yana bin layi ɗaya daga ɗuwawu ya wuce gwiwa har ƙasa, mai shi zai ce kamar lantarki ke jan sa, ko kamar kiyashi na tafiya a fatar. Tari, atishawa, yunƙurin bayan gida, doguwar zama da sunkuyo duk suna tsananta shi, saboda suna ƙara matsi a cikin faifan. Fiye da kashi 90 na wannan bullowa a matakai biyu na ƙasa take faruwa, tsakanin gaɓar ƙugu ta 4 da ta 5 (L4 da L5) ko tsakanin ta 5 da gaɓar kwankwaso ta farko (L5 da S1), domin nan nauyin jiki ya fi sauka.

Kowace jijiya ana kiranta da lambar gaɓar da take fita kusa da ita, tana kuma da yankinta, shi ya sa ake iya faɗin matakin tun kafin hoto. L4: sagewa a cikin ƙwauri, miƙe gwiwa ya yi rauni, in an buga ƙaramar guduma ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafar ba ta zabura sosai. L5: bayan ƙafa da babban yatsa, mutum ya kasa ɗaga babban yatsan sama, ya kasa tafiya a kan dunduniya, in abin ya yi nisa ƙafar ta riƙa faɗuwa yana jan ta. S1: gefen ƙafa na waje da ƙaramin yatsa da tafin ƙafa, ya kasa ɗage a kan yatsu, zaburar agara ta ɓace. Gwajin tafiya a kan dunduniya da kan yatsu bai kai minti ɗaya ba, amma shi aka fi tsallakewa.

Sai gwajin ɗaga ƙafa. Ki kwantar da shi rigingine, gwiwa a miƙe, ke ce za ki ɗaga ƙafar a hankali, ba shi ba. Idan ciwon da ya saba ji ya harba ƙasa da gwiwa tsakanin digiri 30 da 70, jijiya ce a danne. Kuskuren masu koyo shi ne ɗaukar jan tsokar bayan cinya a matsayin sakamako. Wannan kowa na jin sa in an ɗaga ƙafa sosai. In kuwa kin ɗaga lafiyayyar ƙafar sai ciwon ya tashi a ɗayar, alama ce mai ƙarfi ta bullowar faifai.

Ga waɗanda suka haura shekara 60 akwai tsukewar ramin laka. Tsayuwa da tafiya ke kawo nauyi da sagewa a ƙafafu biyu, zama ko ɗan sunkuyo gaba ke kawar da shi, domin sunkuyo na buɗe ramin. Za ki ga hawa gangare ya fi masa sauƙi a kan saukowa.

Yanzu jelar doki. Duk mai ciwon baya ki tambaye shi abu huɗu ba tare da jin nauyi ba: fitsari na fita yadda ya saba, yana jin cikar mafitsara? Bayan gida na kuɓuce masa? Yana jin taɓawa a matsematsi da kewayen dubura in yana tsarki? Ciwon ko raunin ya kama ƙafafu biyu? Amsa ɗaya mara kyau ta isa a nemi hoton MRI, mai nuna laka da jijiyoyi da faifai, a ranar. Ana son a ɗage matsin cikin awa 24 zuwa 48, in aka makara mutum na iya ƙare rayuwarsa da robar fitsari. Marasa lafiya ba sa faɗin wannan da kansu, kunya ke hana su, sai an tambaya.

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Likita, Allah ya ƙara basira. To ban da jelar doki, waɗanne alamu ne ke sa a ce wannan ba ciwon baya na yau da kullum ba ne?

Likitan Ƙashi ya rubuta:

Ciwon da ba ya jin hutu. Na tsoka da na faifai suna da kwanciyar da ke sassauta su. Wanda ke tayar da mutum tsakar dare, ko ya juya ta ina yana nan, ga rama, ga zazzaɓi ko gumin dare, wannan sai a nemi ƙwayar cuta ko kansa.

Tarin tibi na kama ƙashin baya, ciwon da likitan Ingila Percivall Pott ya yi bayaninsa tun 1779. Ya fi son ƙarshen gadon baya da farkon ƙugu, yana cin gaban gaɓar a hankali tsawon watanni har ta rufta, sai doro mai tsini ya fito. Ba dole mutum ya yi tari ba, nan ake ruɗewa. Yana tara ruwan mugunya mara zafi da kan gangara har matsematsi, yana kuma iya danne laka ƙafafu su mutu. In an kama shi da wuri magani kaɗai na warkar da akasarin masu shi.

Kansar da ta fi yaɗuwa zuwa ƙashi ita ce ta mama, furostet (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza), huhu, ƙoda da tayirod (ƙullin da ke gaban wuya), don haka duk wanda aka taɓa yi wa maganin ɗayansu ya zo da sabon ciwon baya, hoto ya wajaba. Tsohuwa da ta ɗan zame ko ta ɗaga abu kaɗan sai ciwo mai tsanani ya kama wuri ɗaya, in an ƙwanƙwasa wurin ta zabura, ki yi zargin gaɓa ta rufta saboda zaizayar ƙashi. Haka wanda ya daɗe yana shan magungunan rage kumburi irin firednisolon ko dekizametazon.

Akwai kuma na kumburin gaɓoɓi, wanda halinsa akasin sauran ne. Yakan fara kafin shekara 45, sannu a hankali, ya wuce wata 3. Baya na sandarewa da safe fiye da minti 30, motsi na gyara shi, hutu na ɓata shi, ciwon ɗuwawu na sauya ɓari, wani lokaci ido ya yi ja yana ciwo. Irin waɗannan kan shafe shekaru ana ce musu gajiya ce.

Kada ki manta da abin da ba na ƙashi ba. Tsakuwar ƙoda na kama kwiɓi ta gangara mara, mai ita ba ya iya zama wuri ɗaya, ana samun jini a fitsari. Ciwon ƙoda na ƙwayar cuta na zuwa da zazzaɓi da rawar sanyi. Mace mai shekarun haihuwa da ciwon mara da baya da jinkirin al'ada, a gwada ciki kafin komai. Dattijo mai shan taba da ciwon baya na farat ɗaya, jiri da faɗuwar awon jini, ana tsoron fashewar babbar jijiyar jini ta ciki.

Malamar Gashin Ƙashi ta rubuta:

Sallama ga kowa. Likita ya gama da baya, bari in ɗauki wuya da hannu, ƙanwata.

Riƙewar wuya ta yau da kullum daga tsoka take. Mutum ya kwana a karkace ko ya daɗe da sunkuyar da kai, ya tashi ba ya iya waiwaye ɓari ɗaya, ciwon ya bazu zuwa allon kafaɗa da ƙeya. Kwana kaɗan take yi. Abin wuyan soso da ake ɗaura wa mutane ba ya taimaka mata, in ya daɗe ma raunana tsokar yake yi.

Idan jijiya ce a danne, yatsu za su gaya miki matakin. Jijiyoyin wuya ana kiransu C1 zuwa C8. C5: saman kafaɗa, ɗaga hannu gefe ya yi rauni. C6: babban yatsa da manuniya, lanƙwasa gwiwar hannu da ɗaga wuyan hannu su yi rauni. C7, wadda aka fi samu: yatsan tsakiya, miƙe gwiwar hannu ya gagara. C8: ƙaramin yatsa, damƙa ta yi sanyi. Ki sa ya ɗan ɗaga kai ya karkata zuwa ɓarin ciwon, ki danna tsakar kan a hankali. In ciwon ya harba hannu, daga wuya ne. Da yawansu ma za ki gan su sun ɗora hannun a ka, domin hakan na sassauta jan jijiyar. Mai ciwon kafaɗa ba zai taɓa yin haka ba, ɗaga hannun ne azabarsa. Na kafaɗa ba ya cika wuce gwiwar hannu, ba ya sa yatsu sagewa, yana hana kwanciya a ɓarin, kuma in tsokokin da ke juya kafaɗar ne ya fi tsanani tsakanin digiri 60 da 120 na ɗagawa. Idan kafaɗar ta daskare har ke ma kin kasa juya ta waje, a gwada suga, domin masu ciwon suga sun fi kamuwa da wannan.

Sagewar yatsu ba kullum daga wuya take ba. Jijiyar da ke ratsa wuyan hannu na matsewa, ta sage babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Da dare take tayar da mutum yana yarfe hannu. An fi ganin ta ga masu juna biyu, masu ciwon suga da masu ƙarancin aikin tayirod. Ki sa ya lanƙwasa wuyan hannun ƙasa na daƙiƙa 60, sagewar za ta dawo. In ƙaramin yatsa da rabin na zobe ne, ki duba gwiwar hannu, can wata jijiyar ke matsewa.

Abin da na fi so ki ji tsoro a wuya shi ne dannewar lakar kanta, don sau da yawa ba ta da ciwo sosai. Mutum zai ce maɓallin riga na ba shi wuya, rubutunsa ya lalace, abu na suɓuce masa, tafiyarsa ta zama ta tangaɗi musamman a duhu, ko in ya sunkuyar da kai wani abu ya tsarga masa har baya. A gwaji zaburar gwiwa ta yi yawa maimakon ta ragu, in an karci tafin ƙafa babban yatsa ya ɗaga sama. Wannan ba na tausa ba ne, ba na murɗa wuya ba ne, na likitan tiyata ne, kuma abin da aka rasa kafin aiki ba duka ke dawowa ba.

Kan hoto kuwa, ina da ƙorafi. Bincike a kan mutanen da ba su da ciwon komai ya nuna kusan kashi 30 na 'yan shekara 20 faifansu ya ɗan turo, a 'yan shekara 80 kuwa ya haura kashi 80. Sai a miƙa wa mutum takardar sakamako cike da kalmomi masu ban tsoro, ya daina sunkuyo, ya daina aiki, tsoka ta saki, ciwon ya zauna. In babu alamun da Likita ya lissafa, a jira mako 4 zuwa 6. Hoto na da amfani ne in abin da ya nuna ya dace da ɓari da matakin da gwajin hannu ya nuna. Kwanciyar jinya ma kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, gashi da ɗumi na minti 15 zuwa 20, a koma aiki da wuri gwargwadon hali. Ko dannewar jijiya, mafi yawanta na sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba, jiki da kansa ke tsotse abin da ya bullo.

Ma'aikacin Sashen Gaggawa ya rubuta:

Malamar Gashin Ƙashi ta yi gaskiya kan hoto. Ni zan ƙara da ciwon gaɓɓai da ba ya jira, don a nan ake asarar ƙafa ko rai yayin da ake ta duba baya.

A taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu ga duk mai ciwon ƙafa. Toshewar jijiyar jini na kama da tsukewar ramin laka da Likita ya faɗa, amma ga bambancin: na jini sha-raɓa ke ɗaurewa bayan tazara kusan iri ɗaya kullum, tsayawa cak na 'yan mintuna ya isa ya sake shi, ba sai an zauna ko an sunkuya ba. Fatar na sheƙi, gashin ƙwauri ya zube, ƙafar ta yi sanyi. In kuwa farat ɗaya ƙafa ta yi fari, ta yi sanyi ƙalau, babu bugu, ga azaba da sagewa, jini ya yanke gaba ɗaya, kuma bayan kamar awa 6 tsoka ta fara mutuwa.

Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, sha-raɓa na ciwo, musamman bayan tiyata, haihuwa, doguwar tafiya a zaune ko doguwar jinya: gudan jini ne sai an tabbatar ba shi ba ne. A auna kaurin ƙafafun biyu santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa, bambancin da ya wuce santimita 3 abin lura ne. Kada a matsa, kada a yi tausa. In numfashi ya fara sama-sama ko ƙirji ya soke, gudan ya kai huhu.

Bayan karaya ko ɗauri mai tsauri, ciwon da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya taɓawa, wanda ke tsananta in an miƙe yatsun mutum, alama ce matsi ya taru a cikin tsoka. A kwance ɗaurin har fata nan take, a kira likitan tiyata. Kada a jira bugu ya ɓace, shi ne na ƙarshen tafiya.

Gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba a iya motsa ta ko kaɗan, a ja ruwanta a gwada a ranar, ƙwayar cuta na cinye guringuntsi cikin kwanaki. Yaro mai ɗingishi da ke nuna gwiwa, a duba ƙugun cinyarsa, domin ciwon mahaɗar cinya kan bayyana a gwiwa. Mai sikila da ciwon matsematsi da ya ƙi tafiya, ana zargin kan ƙashin cinya ya rasa jini.

Biyu a wuya da hannu. Wuya ya sandare, ga zazzaɓi, ciwon kai da ƙin haske, sanƙarau ne. Nauyi a hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi da tashin zuciya, wanda juya wuya ko kafaɗa ba ya sauya shi, a yi awon zuciya kafin a ce komai. Mata da masu ciwon suga kan zo da haka ba tare da ciwon ƙirji ba.

Mai Haɗa Magani ya rubuta:

Ranku ya daɗe, ƙari kaɗan daga ɓangarenmu. Sagewa da raɗaɗin da suka kama ƙafafu biyu daidai wa daida, suka fara daga yatsu suna hawa, suka fi tsanani da dare, ba daga baya suke ba. Ciwon suga ne kan gaba, sai giya da ƙarancin bitamin B12, wanda daɗewa a kan maganin suga na metfomin ke iya jawowa. Isoniyazid na maganin tibi ma na yin haka, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Ciwon tsokar cinyoyi da damatsa biyu bayan fara maganin rage kitsen jini, a sanar da wanda ya rubuta shi.

Ibufurofen miligiram 400 har sau 3 a yini bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, ya wadatar ga yawancin ciwon ƙugu. Haɗa shi da dikulofenak ko firoksikam ba ya ƙara sauƙi, dangi ɗaya ne, jinin ciki da lalacewar ƙoda kawai yake ƙarawa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki da ya kai mako 20 su kauce masa sai da izinin likita. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, a kuma duba ko yana cikin maganin mura da ake sha tare. Tiramadol ba ya gyara komai a bayan, kuma jiki na saurin sabawa da shi.

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tambaya ɗaya ta rage, Likita: in ƙafar ta fara faɗuwa amma fitsari lafiya, shi ma jiran mako 6 za a yi?

Likitan Ƙashi ya rubuta:

A'a, Malama. Jira na mai ciwo ne da sagewa kawai, ko rauni kaɗan da ba ya ƙaruwa. Ana auna ƙarfi daga 0 zuwa 5: 5 cikakke, 4 yana ture hannunki amma kina rinjayarsa, 3 yana iya ɗagawa amma ba ya jure turi, ƙasa da haka ko ɗagawar ba ya iyawa. Ki rubuta lambar da ranar. In ta kai 3 ko ƙasa, ko jiya 4 yau 3, a yi MRI cikin kwanaki kaɗan a haɗa shi da likitan tiyata. Kafin nan ki duba gefen gwiwa ta waje, inda kan siririn ƙashin ƙwauri yake. Akwai jijiyar da ke zagaya wurin dab da fata, harɗe ƙafa, dogon tsuguno ko matsin filasta na danne ta, ƙafa ta faɗi alhali baya lafiya lau. Ki sa ya juya tafin ƙafar ciki yana ture hannunki: in da ƙarfi, matsalar a gwiwa take, in babu, L5 ce.